Janar Taɓa-ka-ji da Kaset ɗin Inna Indo

Duk ƙasar Gwarzo har zuwa Kabo babu jarumi irin Alhaji Mijinyawa. Allah ya ba shi jarumtar ba tare da wahalar zuwa yaƙi ba. Ko ragon layya maƙwabci ke yanka masa, shi yana daga ɗaki yana ba da umarni. Tunda ya je wani taro a birni ya ga ana taɓa kayan tarihi suna magana, ya dawo ya naɗa kansa shugaban kwamitin tarihin yaƙi. Mu kuma muka ƙara masa da Janar Taɓa-ka-ji, ya karɓa hannu bibbiyu.

Dabarar dai ba laifi. Tebur ne aka jera wa hular kwano da gorar ruwa da takalmin soja, kowanne da waya zuwa rakoda a ƙarƙashi. Ka dafa hula, ka ji muryar mai ita. Muryoyin kuwa sai da ya bi Gammo da Sabon Birni gida-gida yana roƙo. Inna Indo ce ta fi ba shi wuya. Kaset ɗaya tak gare ta, wanda marigayi mijinta Malam Hammadu ya ba da labarin yaƙin Bama na zamanin Turawa a ciki, har da waƙoƙin da suke yi a daji. Shi take kunnawa in kewa ta taso mata. Sai da Janar ya yi rantsuwa har da dafa ƙirji kafin ta kwance shi daga tsumma.

To, zamanin Shari'a ne, Janar kuwa ba ya yarda a riga shi tsoron Allah a gaban jama'a. Ya kunna, ya ji waƙa, ya zabga salati. Ga kuma tsuke bakin aljihu, sabon kaset sai wane da wane. Sai ya cusa takarda a 'yan ramukan kaset ɗin, yadda kowa ke yi in zai ɗora wa'azi kan tsohuwar waƙa, ya danna jan maɓalli. Niyyarsa ya rufe waƙar da ɗan gajeren bayani. Amma wa ya taɓa ganin Janar ya fara bayani ya tsaya?

Ranar buɗewa aka cika maƙil, har da dagatai.

"Jama'a," in ji shi, yana saɓa babbar riga, "mun tono tarihi, mun wanke shi, mun tsarkake shi. Inna, bismillah, dafa hular Malam."

Ta ɗora hannu. Rakoda ta yi gyaran murya.

"Ni, Alhaji Mijinyawa, da a lokacina aka yi yaƙin nan, da ba a kai ga cin abincin rana ba..."

Haka aka yi ta yi. Muka ji dabarun yaƙinsa, muka ji asalin kakanninsa, muka ji shi yana korar akuya. Janar na gefe ya lumshe ido yana gyaɗa wa kansa kai. Inna Indo ba ta ɗauke hannu daga hular ba, tana tsaye tana jiran mijinta. Wallahi ta ba ni tausayi.

Kaset na dab da ƙarewa sai muryar wani tsoho ta fito, a gajiye:

"...iyakar abin da idona ya gani ke nan. Wanda bai je ba, don Allah ya yi mana shiru."

Rakoda ta yi ƙas. Janar ne ya fara tafi.