Daddawar China a Tukunyar Mas'uda

"...lafiya lau, sai dai ban gane mai gaisuwar ba. Bawana ne yau har da durƙuso? Ruwa ba ya tsami banza."

Mas'uda ce ke magana, tana zaune a tsakar gidanta a Tarai tana mulmula daddawa, sana'arta tun tana budurwa. Mai durƙuson taubashinta ne, Ubaidullahi, dillalin riɗi a Rano. Shekara tara da suka wuce ya yi zaman koyon kasuwanci a China. Ranar da zai taho, ubangidansa ya ba shi curin ganyen shayi guda uku, baƙaƙe, masu faɗin faifai, irin wanda ake ruɓarwa a danne, yana tsufa yana ƙara daraja. Ya ce ya adana, in Allah ya kawo shi Nijeriya su sha tare. To, jiya tsohon ya sauka Kano, gobe kuma zai iso Rano.

"Zumunci ne ya kawo ni, uwar warin unguwa. Tun daga Kibiya hancina ya ɗauko hanya, ban tambayi kowa ba."

"Da warin ake kaɗa miyar da ta tsayar maka da wuya. Faɗi abin da ke tafe da kai, gumi yana ta tona maka asiri."

Ubaidullahi ya sosa ƙeya. "Kin tuna wani ɗan abu da na ba ki ajiya?"

"Ajiya? A gaban mata ranar sunan 'yata Rahma ka jefo min shi a cinya, ka ce, 'Ga daddawar China, ki ga yadda masu hankali ke yi.' Har da tafi aka yi maka. Yau kuma ya koma ajiya?"

"Wasa ne irin namu."

"Ina naka biyun?"

"Suna nan... sun ɗan yi rashin lafiya."

"Shayi da rashin lafiya? An kai su asibiti?"

"Ke dai bari. Leda uku na naɗe su, na kulle a akwatin ƙarfe don kada iska ta taɓa su. Da asuba na buɗe, fumfuna ta yi musu gemu fari fat, sun fi limaminmu."

Mas'uda ta tuntsire da dariya har tana buga cinya. "Ka je China ka dawo da takarda, hankalin ka manto shi a jirgi! Abin da aka ruɓar da gangan ai rai gare shi, numfashi yake so. Ka shaƙe bayin Allah shekara tara!"

"Na ji. Naki fa?"

"Na kaɗa miyar kuka da shi."

"Mas'uda!"

"Maigidana ya sha, kwana uku bai runtsa ba, yana ta yi wa awaki Sinanci."

"Don girman Allah ki daina. Ubangidan nan nawa ya riƙe ni kamar ɗansa a China. Da na yi zazzaɓi shi ya yi jinyata. Ko makon jiya ya tambaye ni a waya, na ce shayi yana nan garau. Da wane ido zan dube shi?"

Ta kalle shi, ta ga da gaske idonsa ya kaɗa. Ta wanke hannu da sabulu har sau biyu, ta shiga tsohon ɗakin kakarsu mai rufin ciyawa, can nesa da madafa. Ta fito rungume da tukunyar ƙasa da ba ta taɓa ganin ruwa ba, an rufe bakinta da faifai.

"Tsaya nan, kada ka matso. Hannunka kisa yake yi."

Ta zaro curin, yana cikin farar takardarsa mai jan rubutu, ko ƙwaro bai lasa ba. Ubaidullahi ya kai hanci. Ƙamshi ya daki shi, irin na ƙasa in ruwan farko ya sauka, da ɗan zaƙi kamar na dabino. Ya rufe ido.

"Allahu Akbar! Ya fi yadda aka ba ni. Me kika yi masa?"

"Abin da nake yi wa kayana. Na rataye shi a ragaya, duk damina in sauko da shi in juya, in bar shi ya sha iska a inuwa. Ka zaci zan haɗa shi da daddawata ya ɓata min suna? Ɗan hakin da ka raina..."

"Ya tsone min ido, na yarda. Miƙo."

"Miƙo? Haka ake roƙo a Rano? Gobe da ni za a sha. Atamfata zan ɗaura, gaban mota zan zauna, kuma da bakinka za ka gaya wa baƙon wadda ta raini shayinsa."

"Ba ya jin Hausa."

"Ka faɗa da yarensu. In na ga bai juyo ya gaishe ni ba, na san ka ci amana."

"In ya tambayi matsayinki fa?"

"Ka ce malamarka."

Ubaidullahi ya fashe da dariya ya ɗaga hannu biyu sama. "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kin ci, Malama."

Ya fita wajen mota ya dawo da 'yar butar shayi ta jan yumɓu, wadda ya ƙi bai wa kowa tun dawowarsa. Ya ajiye a gabanta.

Mas'uda ta ɗaga ta da yatsa biyu, ta leƙa ciki. "Wannan ko ɗan tsako ba zai kashe ƙishi da ita ba. Ashe a can ka koyo rowa." Ta soke ta a bakin zani. "Ƙarfe takwas ka zo. Kuma ka wanke motar."