Motar da Ke Gani da Tukunyar Biki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi tsaye don kare mutuncin kimiyya a garin Gummi, a ƙofar gidan surukaina, ranar ɗaurin auren ƙanin matata.

Wan matata, Yaya Bello, shi ya zo da wata mota daga Kwatano. Ni kuwa malamin kimiyya ne a sakandare, kuma na sha karatu a kan irin motocin nan. Sai na tara dattawa na fara darasi (ba wanda ya tambaye ni). Na ce a bayan tambarin da ke hancin motar akwai wata na'ura da ake kira rada, tana harba ƙananan igiyoyin rediyo da ido ba ya gani, waɗanda tsawonsu bai kai ƙwayar shinkafa ba. Su daki abu su dawo, mota ta taka birki da kanta. Na ƙara da cewa a jiragen sama aka fara, aka yi shekaru ana ƙanƙanta ta har ta shiga mota.

Baffan matata, wanda tun da na auri 'yarsu yake ganin surutuna ya fi aikina yawa, ya ce, "Malam, wagga mota ad da ido? To mu gani."

Na ce a kawo ƙarfe, don rada ta fi ganinsa. Ƙarfen da ya fi girma a gidan shi ne tukunyar shinkafar baƙin da suka zo daga Bukkuyum, an sauke ta ke nan. Inna, surukata, ta leƙo daga zaure.

"Ina za ku kai min abincin mutane?"

"Inna, ko tururinta ba za ta taɓa ba."

Na sa aka girke ta tsakiyar hanya. Na ce wa Yaya Bello ya taho a hankali, kada ya kusanci birki. (Na ma juya wa motar baya ina kallon jama'a, kamar mai jiran tafi.)

Ƙarar da na ji ba ta tafi ba ce. Shinkafa ta malale har bakin kwata, awakin unguwa suka riga baƙi cin walima. Baffa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Lalle ta gan ta. Ba ta kuskure ta ba."

Tun ranar na koyi yin gwaji da tukunyar gidana. Makaniken da ya duba motar ya ce radar lafiyarta lau, takardar biki ce mai ƙyalli irin ta gwangwani aka manna a kan tambarin, ta toshe ta.

Ni na manna ta da safe.