Anaruwa da Bindiga Mai Dogo Biyu

A Kwarin Tama, gidan Sarkin Maƙera Nomau shi ne na ƙarshe kafin a kama hanyar dutse. Da Nomau ya rasu ya bar mata ɗaya, wadda kowa ke kira Inna, da 'ya'ya uku. Korau, babban, shi ya gaji maƙera. Tasalla tana aure a Gangaren Kanya, tafiyar rabin yini a ƙetaren gulbi. Auta kuwa shi ne Anaruwa, mai shekara talatin da huɗu, mai ƙarfi kamar bijimin sa, wanda in an ce masa ya yi abu, sai ya yi shi daidai yadda aka faɗa, ba ƙari ba ragi. A duk duniya Tasalla ce kaɗai ba ta taɓa kiransa wawa ba, kuma saura ƙiris wautarsa ta kashe ta da 'ya'yanta huɗu.

Gadon da Anaruwa ya samu guda ɗaya ne: masabar uban, wato dunƙulen ƙarfen nan mai tsawon kamu ɗaya da ake dukan ƙarfen da ya yi ja a wuta da shi. A gidansu akwai al'ada tun kaka da kakanni, ba a ajiye masaba a ƙasa, sai dai a gicciya ta bisa itace biyu. Ranar da Nomau zai cika ya kama hannun autansa ya ce, "Ita kaɗai na ba ka. Kada ta taɓa ƙasa." Shekara tara ba ta taɓa ba.

Wata rana, saura wata biyu damina ta faɗi, sai Baƙin Sama suka sauka bisa dutsen. Dogaye ne, sanye da sulke mai launin toka, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu. Babbansu yana rataye da wani akwati a wuya, ta nan maganarsa ke fita da Hausa, ba gaisuwa, ba sannu. Mutane suka sa masa suna Mai Akwati. Cikin kwana shida suka shimfiɗa ƙarfe biyu a jere kamar layin dogo, tsawonsu taki ɗari da goma, tsakaninsu bai cika kamu ba. Bindiga ce, amma ba ta cin albarushi. Wutar lantarki ke hawa ta dogo ɗaya, ta ratsa ta cikin harsashin ƙarfe, ta dawo ta ɗayan, sai ƙarfin maganaɗisu ya fizgi harsashin ya jefa. Ranar gwaji suka auna kukar bakin kasuwa. Sai da kukar ta zama gari kafin kunne ya ji ƙarar. Sa'an nan Mai Akwati ya ce bindiga tana bukatar ƙarfe, kowa ya kawo nasa.

Korau ya tara fartanyu da garemanin unguwa, guda tamanin da bakwai, ya danƙa wa ƙanensa. Ya ce, "Kai su gonar gado ka binne. Ka sa alama yadda za a gane wurin daga nesa." Anaruwa ya haƙa rami mai zurfi, ya binne, ya share sawunsa tsaf. Sa'an nan ya zaɓi garma mafi ƙyalli, ya ɗaure ta a kan dogon gora, ya kafa bisa ramin. Kafin la'asar Baƙin Sama sun kwashe duka.

Korau ya dafe kai ya ce, "Kai, wace irin alama ce wannan?"

Anaruwa ya ce, "Mai kyau ce, Yaya. Har daga kan dutse an gane."

Wata rana Dagaci Barmo ya sa mata suka zura tukwanen ƙarfe da bokitai cikin tsohuwar rijiyar bayan gari. Da ya waiga sai ya ga Anaruwa tsaye yana kallo. Ya ja shi gefe ya ce, "Ɗan Nomau, ko za su yanka ka, kada ka gaya musu akwai kaya a rijiyar nan. Ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Kashegari Mai Akwati ya tara gari a ƙofar fada yana tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya ina sauran ƙarfe. Kowa ya rantse babu. Da aka zo kan Anaruwa, sai ya ƙame ya ce, "Na cikin tsohuwar rijiya dai, Dagaci ya hana ni faɗa. Ko za ku yanka ni ba zan faɗa ba." Ya dubi Dagaci yana murmushi, yana jiran a yaba masa. Ba a yanka kowa ba. Amma Mai Akwati ya ce tun da garin ya yi ƙarya, zai tafi da maƙerinsu ya riƙa narka masa harsashi. Aka tasa Korau gaba zuwa dutse, Inna na biye tana kiran sunan mijinta da ke kabari.

Wata rana Inna ta zuba tuwo a langa ɗaya da ta rage mata, ta ɗora wa Anaruwa a ka. Ta ce, "Kai wa yayanka. Kada hannun kowa ya taɓa langar nan sai nasa." Ya isa dutse daidai lokacin da ake ɗura wa bindiga wuta. Sai maganaɗisu ya fizgi langar, ta tashi daga kansa kamar tsuntsuwa, ta manne a jikin dogo, tuwo ya watse. Wani soja ya miƙa hannu zai ɓamɓare ta, Anaruwa ya sha gabansa.

"Ba a taɓawa. Sai Yaya."

Sojan ya hankaɗe shi, ya tashi ya dawo. Ya buge shi, ya tashi ya dawo, bakinsa na jini. Sau biyar ana haka, har aka gaji aka kira Korau daga wurin narka ya cire langar da hannunsa. Mai Akwati yana tsaye yana kallo. Can ya ce, "A garin nan wannan kaɗai ke yin abin da aka ce masa. Shi ne mai hankalinku." Nan take ya naɗa shi mai tara ƙarfe. Korau ya yi wata dariya wadda ba ta da daɗin ji, ya koma bakin wuta da cikinsa wayam.

Wata rana, ranar farko ta sabon aikinsa, aka ce masa ya tara duk ƙarfen da ya rage, ko allura ce. Ya fara da allurar Inna, tana tsaka da ɗinkin zanenta. Ya zare ƙusoshin ƙyauren gidan liman, ƙyaure ya faɗi. Ya iske wanzami yana yi wa Dagaci aski, ya tsaya ya gaishe su da ladabi, ya karɓe askar. Dagaci ya yi mako uku da rabin kai a aske, yana fama da rawani cikin zafin bazara. Daga ranar aka daina amsa gaisuwar Anaruwa. In ya shigo masallaci sahu ya tsuke. In ya zauna a inuwa a watse. Shi kuwa bai gane ba. Ya kan tambayi Inna ko mura ce ta kama garin, tun da kowa ya gan shi sai ya tofar da yawu.

Wata rana aka aike shi Gangaren Kanya da saƙo ɗaya: su kawo ƙarfensu. Samarin garin suka tare shi a bakin gulbi da sanduna, sai da Tasalla ta faɗa a kansa kafin suka bari. Ta kai shi ɗakinta, ta gasa masa jiki da ruwan zafi, ta dama masa fura.

Ta ce, "Autan Inna, me ya kai ka yi wa waɗannan aiki?"

Ya ce, "Sun ce in yi, Yaya."

Da zai tafi, dattawa suka taru suna neman amsa mai laushi da za su aika. Ana cikin haka wani tsohon maharbi da ya ji haushi ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Je ka gaya wa masu kan tukunyar nan ko tsinke ba mu bayarwa! In sun haifu su zo!" Dattawa suka ce, "Kai, rabu da shi," suka ci gaba da shawara har rana ta karkata ba su tsai da magana ba. Saƙo ɗaya ke nan da aka ce masa "je ka gaya", shi kuwa ya ɗauka. Ya isar da shi gaban Mai Akwati kalma bayan kalma, har da ɗaga murya yadda tsohon ya yi. Mai Akwati bai fusata ba, don ba su san fushi ba. Ya ce kawai, "Alhamis, rana tsaka." Aka juya bakin bindiga ya dubi Gangaren Kanya. Aka kuma zuba sojoji a mashigin gulbi don kada labari ya ƙetare.

Inna ba ta doke shi ba, ba ta zage shi ba. Ta zauna a bakin murhu ta ce, "Ka kashe 'yar'uwarka, ɗan nan. Ita kaɗai ke sonka, ka kashe ta." Ya ce shi bai taɓa ta ba, ya bar ta lafiya tana wanke ƙwarya. Inna ta juya masa baya.

Wata rana, ita ce Alhamis ɗin, da hantsi Mai Akwati ya kira shi ya ce, "Akwai sauran ƙarfe a garin?"

"Babu. Sai masabar Baba."

"Da me aka yi ta?"

Anaruwa bai taɓa lissafa ta cikin ƙarafa ba. Can ya ce, "Da ƙarfe."

"Kawo ta wurin bindiga kafin rana tsaka."

Korau yana jin su daga bakin wuta. Ya ce, "Har ita? To, Allah ya isa tsakanina da kai." Anaruwa ya sauka gida, ya ɗauki masaba daga kan itacenta biyu, ya rungume ta a ƙirji. Yana tafe yana kuka, amma bai tsaya ba, don an ce ya kawo.

Da ya hau dutse bai iske kowa ba. Al'adar Baƙin Sama ce in za a harba, su shige bayan katangar da suka gina, su da duk wanda ke musu aiki. Ya yi sallama sau uku, shiru. An ce ya kawo wurin bindiga, ga shi ya kawo, to ina zai ajiye? Ya duba gabas ya duba yamma, fako ne tas, ko kara babu, balle itace biyu. Sai idonsa ya faɗa kan dogo biyun nan a jere, sumul, sun ɗaga daga ƙasa kamar taƙi guda. Ya ce a ransa ko Baba bai taɓa samun irin wannan mazauni ba. Ya je wajen bakin bindigar, ya gicciya masaba a kansu, kai bisa wannan, gindi bisa wancan. Ya gyara mata zama, ya goge ta da bakin rigarsa. Sa'an nan ya gangara neman wanda zai shaida wa ya cika aike.

Bai yi taki ɗari biyu ba aka saki wuta. Wutar da ya kamata ta tura harsashi ta sami gada a buɗe, ta bi ta cikin masaba. Dutse ya yi fari fat, har mutanen Gangaren Kanya suka ga hasken da rana tsaka suna tambayar juna ko walƙiyar ruwan farko ce. Harsashin ya narke a inda yake. Rumbun wutar Baƙin Sama ya kama, ya yi kwana biyu yana ci. A rana ta uku suka shiga jirginsu suka tashi yadda suka zo, ba sallama, da fartanyu da tukwane da allurar Inna.

Korau ya sauko da ransa, amma bai ƙara jin ko tsawa ba har ya mutu. Dagaci Barmo ya tara gari ya ce dabararsa ce tun farko, shi ya sa ya haƙura da rabin aski. Aka yi masa kirari. A waccan damina da sanda aka yi shuka, da hannu aka yi noma, an kuwa binne yara da tsofaffi kafin kaka. Sai a shekara ta biyu maƙera suka gano dogon da aka bari yana saruwa, kuma ƙarfensa bai san tsatsa ba. Daga shi aka ƙera duk wata garma da ke Kwarin Tama har yau. Ba wanda ya ce wa Anaruwa sannu. In an ambace shi cewa ake, wawan nan da ya ba da kayanmu.

Tasalla ce ta ƙetaro bayan kwana bakwai, da goyo a baya, ta hau dutse nemansa. Ta same shi zaune a bakin bindigar. Masabar ta narke ta haɗe da dogo biyun, ta lanƙwashe ta tsakiya kamar za ta ɗiga. Ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Autan Inna, ka san abin da ka yi kuwa? Ni da yaran nan huɗu, kai ka bar mu da rai a duniya."

Bai ko dube ta ba. Ya ce, "Yaya, kawo hannunki."

Ya kama hannunta ya zura ƙarƙashin masabar. Tsakanin ƙarfen da dutsen akwai sarari, yatsa uku daidai.

Ya ce, "Kin ji? Ba ta taɓa ba. In kin je gida ki gaya wa Inna, ko za ta yi mini magana."