Harsashi Shida, Duk Sun Juya Baya

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a shekarata ta biyu a Dubai, ranar da bakina ya kai ni inda hannuna bai taɓa zuwa ba.

Lokacin ina shara da goge-goge a wani kulob na harbi da ke bayan gari, can cikin rairayi. Yaya Habu, ɗan wan babata, shi ya samo min aikin, don shi direba ne a wurin tun da daɗewa. Kafin nan na yi dako a unguwar Deira, na yi wankin mota, na yi kwana tara cur a wani gidan abinci. (Ni dai ban iya zama wuri ɗaya ba. Ko makaranta a aji uku na sakandare muka yi sallama, ba faɗa ba komai.)

A kulob ɗin akwai wani ɗaki na tsofaffin bindigogi, wani dattijon Balarabe ke kula da shi, kowa Arbab yake ce masa, wato maigida. Abin da ya fi ƙauna wata bindigar hannu ce irin ta kaboyi, mai ramuka shida da ke juyawa. Sabuwa ce, ƙirar da aka kwaikwaya. Ba a sa mata harsashi gamamme, sai an zuba albarushi a kowane rami, a ɗora dalma, a danna da wani ƙarfe da ke ƙasan bakinta.

Ran nan ina goge bakin ƙofa sai ƙaurin albarushi ya buge ni. Na ce wa Yaya Habu, "Wannan ai ƙamshin gidanmu ne. Ni da na tashi a hannun Kawu Ɗanjuma maharbi?"

Gaskiya ne Kawu maharbi ne a Ningi. Abin da ban faɗa ba shi ne, duk sanda ya ɗauko bindigar tokarsa, ni ina bayan rumbu da yatsu a kunne.

Ashe Arbab yana neman mai taya shi ɗuri da wanke bindigogi. Aiki a cikin sanyin esi, riga mai tambari, a canza maka biza daga mai shara, har ka iya barin gadon sama na sansanin leburori na Sonapur ka samu ɗaki a unguwar Hor Al Anz kamar mutane. Yaya Habu ya je ya tsaya min.

Da ya dawo ya ce, "Kai, tsakaninka da Allah ka iya? Fuskata na kai wurin mutumin nan."

Na ce, "Haba Yaya. Ido rufe ma."

Ranar gwaji mu biyu ne, ni da wani ɗan Nepal mai wanke bayi, shiru-shiru da shi. Arbab ya tambaye shi ko ya san bindiga, ya ce bai taɓa riƙewa ba. Har tausayinsa na ji.

Aka fara da ni. Arbab da kansa ya auna albarushin ya zuba (Allah ya taimake ni a nan, da ban san inda labarin zai ƙare ba). Sannan ya ɗauko harsashi ɗaya zai nuna min yadda ake ɗora shi, yana cewa, "Shuwayya shuwayya," wato a hankali. Sai na ɗaga masa hannu. Ni, mai mofa, sandar goge ƙasa. Na ce, "Khalas, ya isa, Arbab. Na sani."

Ya dube ni, ya dubi Yaya Habu, ya ajiye min harsasai shida a faranti, ya koma gefe yana shan gahawarsa.

To, ga inda matsalar take. Na Kawu ƙwallaye ne, wani lokacin ma boris ɗin keke yake zubawa, ba kai ba gindi, duk yadda ya faɗa daidai ne. Waɗannan kuwa dogaye ne, gefe ɗaya tsini, gefe ɗaya a shafe kamar gindin kofi. Na tsaya na yi tunani irin na masu ilimi. Ƙusa da tsini take shiga. Allura da tsini. Turken akuya ma da tsini. Me zai sa harsashi ya bambanta?

Na juya tsinin ƙasa, na saka. Ya zauna ɗas a bakin ramin, har na ji daɗi. Da na zo dannawa sai ya ƙi. Na sa ƙarfi. Ya karkace. Na ƙara ƙarfi har da cije leɓe, ya shige da ƙyar yana aske dalma. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga a cikin esi. Ina yi ina yi wa ɗan Nepal bayani da hannu, wai ya koya.

Na gama na miƙa da hannu biyu.

Arbab ya karɓa, ya karkata ta wajen haske ya leƙa gaban ramukan. Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Gindi shida ne a shafe suke kallonsa. Sai ya yi wata magana da Larabci, a hankali, ba ko murmushi.

Na ce, "Yaya, me ya ce?"

Yaya Habu yana kallon silin. "Ba komai."

"Don Allah fa."

"Cewa ya yi, a garinku namun dajin ta baya suke zuwa wa maharbi?"

Ɗan Nepal ba ya jin Hausa, ba ya jin Larabci, amma sai da ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa na rawa.

Ba a harba ta ba, don ko hular da ke tayar da wutar ba a sa ba. Sai da Arbab ya kwance bindigar, ya yi fiye da awa yana ciro dalmar da na cusa, ni kuma ina tsaye riƙe da faranti, kowanne ya fito a lanƙwashe ya ajiye min, ƙwal. Shida. Na ƙirga su da kunnena.

A mota Yaya Habu bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Sai da muka kusa Sonapur ya ce, "Zan kira Kawu Ɗanjuma in gaishe shi."

Na ce, "Yaya, ka rufa min asiri."

Ɗan Nepal ya samu aikin. Yanzu shi ke sa riga mai tambari, kuma wallahi ya iya, don duk abin da aka nuna masa tsayawa yake ya kalla. Ni ina nan da bokitina. Arbab bai riƙe ni a zuciya ba, sai dai duk safiyar da muka haɗu yakan karɓi mofata, ya duba ta sama da ƙasa, ya nuna min gefen igiyoyin, ya nuna ƙasa, sannan ya miƙo min.

Ni kuma in ce, "Shukran, Arbab." Yanzu ko mofa aka ce za a nuna min yadda ake riƙewa, tsayawa nake in kalla har a gama.