Bula a Bayan Hajiya

Ba zan taɓa mantawa ba da sunan ɗan yayata Rabi, kuma bari in faɗa tun da wuri: kowa a gidanmu ya yi kuskure a kan bangon nan, ni kaɗai na gano gaskiya. Abin haushin, ni kaɗai kuma na sha kunya.

Rabi ta dawo gida Malbaza haihuwar fari, cikin sanyi. Ba a jima da haihuwar ba bangon ɗakinta ya fara gumi, ruwa na gangarowa kamar hawaye, kusurwa duk ta yi baƙi. Inna ta ce kwanon rufi ke yoyo (rabonmu da ruwan sama tun kafin a yanke gero). Baba ya ce magini ne ya ci siminti, a garin da ake yin simintin. Gwaggo Ai, wadda ta zo yi wa Rabi wankan jego, ta ce bakin mutane ne, ta ƙara garwashi ta zuba turare.

Ni kuwa na je lise, wato na yi sakandare. Na tsaya tsakar ɗaki, hannu a ƙugu, na ce su dubi murfin tukunya. Ana shigo da tafasasshen ruwa safe da yamma, ga kunun kanwa na tururi, taga a rufe har an cusa mata tsumma. Ina tururin zai je? Bango mai sanyi zai samu ya kwanta. Maganin kawai a buɗe taga. Na kai hannu ke nan Gwaggo ta make shi.

"Ke! Sanyi kike so ya shige ta? Lakwal ɗin taku ba ta koya muku jego ba?"

Da wata ce sai ta haƙura. Amma Hajiya Mariya, uwar mijin Rabi, za ta zo suna daga Dogarawa. Ita ce kuma uwar Iliya, wanda ya ɗan jima yana ajiye babur ɗinsa a ƙofar gidanmu da la'asar (ba wurin Baba yake zuwa ba). Hajiya ba ta taɓa yi mini kallon tsaf ba. So nake ta shiga ɗakin ta tambayi wace mai hannu ce ta gyara shi.

Jajibirin suna na kora Rabi da jaririnta ɗakin Inna. Na kankare baƙin, na goge bango da tsumma, na dama farar ƙasa a bokiti, na zazzage mata bular wanki har sai da ta yi shuɗi kamar sararin sama. Gwaggo na can wurin daka, na wangale taga na shafe bango tas. Kafin la'asar ya bushe. Kai, ya yi kyau. Har maƙwabta na kira su gani.

Washegari aka mayar da mai jego, Gwaggo ta rufe taga ta mayar da tsummanta. Mata suka cika ɗakin maƙil, ga kwanukan tuwo da zafinsu, ga kunu, ga garwashi. Wato duk abin da na yi wa mutane lakca a kai ya dawo har da ƙari, ni kuwa ina can ina gyara ɗaurin kallabi.

Hajiya ta iso cikin farin leshi, fari ƙal, irin wanda ko ƙuda ke jin nauyin sauka a kai. Ni da bakina na ce, "Hajiya, ki jingina ki huta, hanya da nisa." Ta jingina. Can ta ɗaga kai ta ce, "Wa ya yi shahen ga? Ya yi kyawo."

Inna ba ta ko buɗe baki ba na ce, "Ni ce, Hajiya!" Maimakon in sunkuyar da kai kamar ɗiyar kirki, sai na kama yi mata bayanin tururi da murfin tukunya. Ina tsakiyar bayanin na ga wani shuɗin ɗigo ya taho daga sama a hankali, ya wuce gefen kunnenta, ya sauka a kafaɗa. Na yi ta addu'a a zuci Allah Ya sa ta kwana a zaune.

Aka kira azahar. Ta miƙe.

Daga wuya har ƙugu Hajiya ta zama shuɗiya. A bango kuma ga siffarta nan ta bari, kafaɗu da komai, kamar an ɗauki hoto. Wata ƙawar Rabi ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, sauran suka bi, kowa na juyawa a duba mata nata bayan. Gwaggo ta tafa hannu. "Ban hwaɗi ba? Bangon ga ba shi kaɗai ba ne!"

Hajiya ta jawo leshin ta gaba ta dube shi, sannan ta dube ni. Kallon tsaf ɗin da nake nema, ranar na same shi.

"Ɗiyata, bula kam don hwarin kaya anka yi ta. Amma mu a ruwa muke sa ta, ba a bango ba." Ta juya wurin Inna. "Wagga ce ta Iliya? To, ku ce mishi in ya tashi gini ya bar taga biyu. Shahe kuma ya nemi wani."

Har yau ban san ko amincewa ce ko kora ba. Iliya ya ce amincewa ce, amma yana faɗa yana dariya, kuma a Dogarawa yanzu sunana Mai Bula.

Na dai koyi cewa gane ciwo daban, iya magani daban, kuma bango mai gumi ba kwalliya yake so ba, iska yake so. Leshin na karɓa na wanke da hannuna, Jumma'a zan kai mata har gida, bakina a rufe. Tagar kuwa, duk sanda Gwaggo ta zaga bayi, ina zare tsumman nan.