Kunnen Kakanmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗan Yaya Sabi'u a Ɗanzomo. Ko na so in manta, dangi ba za su bari ba.

Daga Gumel na taso, motar haya ta yi ta tsaye-tsaye, sai bayan azahar na isa. Mai jego ba ta ɗakin, amma mata sun cika shi, ana ta miƙa jariri hannu zuwa hannu. Gwaggo Talatu, ƙanwar babanmu, wadda ba a yi mata musu a gidanmu, ta riga ta yanke hukunci cewa yaro Sabi'u ne sak. Duk wadda ta karɓa sai ta ce ƙwarai, ga hancin, ga goshin.

Aka miƙo mini. Tsakani da Allah, kallon farko ban ga kowa ba sai jariri (ni duk jarirai kamar dafaffen dankali nake ganinsu). Amma kowa ni take kallo. Na sake dubawa, sai ga hancin Yaya ya fara fitowa. Na ƙura ido, ga goshin ma. Ba ƙarya na yi ba, da idona na gani.

Da na tsaya nan da na tsira. Sai na ɗaga hular jaririn na ce, "Gwaggo, dubi kunnen nan. Wallahi na marigayi Kaka ne." Har da ƙwalla. Gwaggo ta leƙa ta hau salati, matan da ko a hoto ba su san kakan namu ba suka ce babu shakka.

Ana cikin haka wata baƙuwa ta ɗaga labule, ƙawar mai jego ce daga Maigatari.

"Sannunku. A miƙo mini Nana in ba ta nono."

Ashe namu yana can tsakar gida wajen uwarsa, ana yi masa wanka.

Can Gwaggo ta gyara mayafi ta ce ita dama tun farko hancin bai kwanta mata ba. Sauran suka ce su ma haka. Kafin la'asar duk gidan ya tuna sarai cewa ni na fara maganar kama, har ni kaina na soma tunanin ko ni ɗin ce.

Yanzu in aka miƙo mini jariri, sai na tambayi wace ce uwarsa tukuna, in ce Allah ya raya, in miƙa wa ta gaba.