Rasuwar Kalu Miya, Injin da Aka Huda wa Ciki

Da zuciya mai cike maƙil da baƙin ciki, Kofil Uddin Gazi na tsibirin Car Dubliya, mutumin da kogin Jamuna ya cinye wa gida sau shida amma ya kasa cinye shi, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu dariya a ɓoye rasuwar abokin zamansa, Kalu Miya, injin dizal ɗan ƙasar Sin, baƙi wuluk, mai nauyin maza huɗu. Kofil ne ya faɗi wannan sanarwa da bakinsa aka rubuta, domin shi bai ɓata ƙuruciyarsa a aji ba, kuma har yau bai ga abin da ya rasa ba.

Marigayin ya shigo tsibirin nan a kafaɗar Kofil da ta ƙannensa, Kofil ne a gaba. Tun ranar bai san hutu ba. Da rani ya ja ruwa zuwa gonakin shinkafa, da kaka ya yi sussuka, da damina a ɗaure shi a bayan kwalekwale ya tsallaka da mutane. Ba shi da tsirfa wajen abinci: ko dizal ɗin da 'yan kasuwa suka surka da kananzir, ya sha ya yi shiru da bakinsa. Da asuba yakan yi tari biyu, “kuf, kuf,” sannan ya kama “bot-bot-bot-bot,” matan gefen kudu su san lokacin ɗora tukunya ya yi.

A ambaliyar shekarar casa'in da takwas, shi da Kofil ne suka kwashe mutanen tsibirin nan, har da shanu da wata mai naƙuda. Yaron da aka haifa a cikin kwalekwalen yau yana da gemu. A ƙarshen wannan aiki Kalu ya nutse. Kofil ya bi shi ƙarƙashin ruwa da igiya a haƙori, ya fito da shi, ya wanke shi, ya shanya. Kalu ya tashi yana tari kamar wanda aka katse wa barci. Duk gonar da ta sha ruwansa tana ba Kofil kwando ɗaya cikin huɗu na amfaninta, kamar yadda aka saba. Har Hekmot Molla, wanda yau yake taƙama da sabon injinsa ja, ya yi shekaru yana tsayawa a bakin kwatar Kalu yana cewa “Yaya Kofil” da murya mai laushi.

Marigayin bai yi jinya ba. Kowa ya ji wannan da kyau. Lafiyarsa ƙalau har sa'ar da ya cika.

Bara ne wasu yara uku suka sauko daga birnin Daka da famfo mai aiki da hasken rana. Sun fito ne daga wani gida inda ake tara ƙananan kamfanoni masu neman maganin zafin duniya, a yi musu kiwon gaggawa na wata shida kamar kajin gidan gona, sannan a fito da su gaban masu kuɗi a ga wanda ya yi nama. Shugabarsu Tasnuba, yarinya mai ladabi, ta cire takalmi kafin ta shiga tsakar gida.

“Baffa,” in ji ta, “duk wanda muka tambaya a bakin kogin nan, sunanka yake faɗa. In ka karɓa, kowa zai karɓa.”

Wannan gaskiya ce, Kofil bai musa ba. Famfon kyauta ne, amma da sharaɗi guda.

“Masu ba mu kuɗi suna biyan hayaƙin da ba a yi ba, Baffa. Sai sun gani da idonsu cewa tsohon injin ba zai ƙara tashi ba.”

Kofil ya tsufa a kasuwa bai taɓa jin an sayar da abin da babu ba, sai ya ɗauka sabon ilimi ne. Matarsa Fuljan Bibi ta ja shi gefe.

“Baban Shefali, ka tura shi bayan ɗaki ka lulluɓe da buhu. Wa zai ƙetaro teku ya ɗaga buhu?”

Kofil ya gaya mata shi ba irin mazan da ke ɓoye abu a ƙarƙashin buhu ba ne.

Ranar da aka sa, aka rataya wa Kofil furanni a wuya, aka kafa abin ɗaukar hoto. Ɗaya daga cikin yaran ya ɗora na'urar huda ƙarfe a kan cikin Kalu. Ƙarfen kuwa ya ƙi huduwa. Mutane suka fara murmushi. Sai Kofil ya karɓa, don kada a je birni a ce tsibirin nan babu mai hannu. Kalu bai yi tari ba, bai yi bot-bot ba. Wata 'yar ƙara ya yi siririya, “iiiii,” wadda Kofil bai taɓa ji daga bakinsa ba, sannan baƙin mai ya gangaro kan ƙafar mai shi. Aka yi tafi.

Gaskiya ba ta da daɗi amma za a faɗe ta: sabon famfon ya yi aiki. Ya ja ruwa shiru kamar ɓarawo, bai nemi ko cokalin mai ba. Da wata shida suka cika, yaran suka dawo aronsa na mako guda, domin shi kaɗai suka ƙera, kuma ranar nunawa ga masu kuɗi ta zo. Kofil da kansa ya ɗora musu shi a jirgin ruwa. Can aka gaya musu manoma ba su da abin biya, su koma cajin baturan kekunan haya a birni. Suka koma. Tasnuba ta kira a waya tana kuka: “Baffa, wallahi ba haka na so ba. Famfon yanzu na kamfani ne, kamfanin kuma ba nawa ne ni kaɗai ba.” Kofil ya lallashe ta, domin shi mutum ne mai girma. Hawayenta dai bai jiƙa ko kunyar gona guda ba.

Marigayin ya bar kwalekwale ɗaya da aka koma tuƙa shi da sanda. Ya bar mariƙin da ake juyawa a tayar da shi, yana rataye a ƙusa. Ya bar Fuljan Bibi, wadda ba ta ce “na gaya maka” ba, sai dai kullum takan shimfiɗa buhu a inda Kofil zai gani. Ya bar hoton Kofil da furanni a wuya, wanda aka ce yana manne a bangon gidan kiwon nan, don sababbin yara su gani su yi ƙoƙari. Ya kuma bar gonar shinkafar rani da aka dasa da sa ran dawowar famfo, wadda ƙasarta ta fara tsagewa, ganyenta na naɗewa tun hantsi. In ta wuce wannan makon ba ruwa, za a sake wata sanarwar.

Dillalin tsoffin ƙarafa ya zo da sikeli, an raka shi bakin kogi. Ba za a auna Kalu Miya ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar. Maza huɗu za su ɗauke shi, Kofil a gaba, zuwa inda madatsar kudu ta zaizaye, a binne shi a gindinta, ya ci gaba da tare kogin da ya saba yi wa taurin kai. Ba a son furanni. Ba a son hoto. Wanda ya zo daga Daka ya ajiye wayarsa a jirgi.

Zaman makoki a bakin gona za a yi. Kada kowa ya kawo abinci; mai zuwa ta'aziyya ya zo da tulu cike da ruwa, za a nuna masa inda zai zuba. Game da Hekmot Molla kuwa, hanyar gonar tana ɗaukar inji, an ma gyara ta jiya. In ya zo da injinsa ja da tiyonsa, ba za a kore shi ba, kuma kwandonsa ɗaya cikin huɗu ba zai yi ciwon kai ba. Amma a shaida, a kuma gaya wa na baya: Kofil Uddin Gazi bai kira shi ba.